Mai Ƙararrawa a Cikin Leda

Ranar Laraba ake kawo sababbin littattafan zane, don haka ranar Laraba muke taruwa a shagon Lenny Wozniak da ke layin Lagrange a Toledo, tsakanin gidan wankin kaya da wani ofishin inshora da ban taɓa ganin mutum ya shiga ba. Kowane ɗan gida yana da akwatinsa na kwali a bayan kanta, da sunansa a jiki. Lenny zai zuba maka duk abin da kake bi, ka zo ka biya, ka zauna a teburin baya ka zagi abin da ka saya. Mako mai zuwa ka dawo ka sake saya.

A shekarar 1993 abin da muke zagi shi ne Yaƙin Duniyoyi Bakwai. Kamfanin Tolliver ne ya tattaro duk jarumansa, masu tashi sama da masu ratsa bango da masu ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya, ya zuba su cikin labari guda, kashi goma sha biyu, ban da ƙananan littattafan gefe waɗanda in ba ka saya ba, ba za ka san dalilin da ya sa wani ya dawo babu kunne ba. A bangon kowane kashi an rubuta cewa bayan wannan haɗaka babu abin da zai koma yadda yake. Haka aka rubuta a haɗakar bara. Haka aka rubuta a ta bara waccan. Komai ya koma yadda yake, sai mutum biyu da aka canja wa launin riga.

Ni na rufe akwatina a kashi na bakwai. Ban rufe shi a ɓoye ba. Na gama digirina na adabi ke nan, na tsaya a gaban kanta na gaya musu cewa labarin da ba ya ƙarewa ba labari ba ne, haraji ne. Na ce muddin muna saya muna gunaguni, wata rana kamfanin zai ɗaure gunagunin a leda ya sayar mana. Na ce mu daina gaba ɗaya, mu bakwai ɗin nan, mu ga ko ba za su ji a jikinsu ba.

"Mu bakwai," in ji Lenny, bai ko ɗago daga kwalin da yake buɗewa ba. "Gobe za su rufe ofishinsu na New York."

Sunana Renata, amma daga ranar na zama Farfesa. Ba wanda ya bi ni.

Ban daina zuwa ba dai, saboda Mista Pruitt. Orville Pruitt ya tuƙa bas ɗin gari har ya yi ritaya, sannan idonsa ya fara tafiya. Hotuna yana iya bin su da gilashin ƙara girma, rubutun ne ya gagara. Ni nake karanta masa duk Laraba. Ba na yin muryoyi. In mugu ya ce yau duniyarku za ta ƙone, da muryar da ake karanta takardar magani nake karantawa. Ya ce haka ya fi so, wai ihun ai yana cikin hoton.

"Wannan wane irin yaji ne?" Duane Hostetler ya tambaye ni wata rana. Duane a masana'antar gilashi yake aiki, kuma ya yi imani da littattafan da yake tarawa zai biya wa 'ya'yansa jami'a. Bai yi aure ba tukuna. "Ba kya saya, amma kin fi kowa sanin abin da ke ciki."

"Don in san abin da nake ƙi," na ce.

"Ni ma dalilina ke nan," in ji shi.

Mista Pruitt bai damu da duniyoyi bakwai ba, ko da ɗari ne. Mutum ɗaya yake bi, Mai Ƙararrawa. Ba ya tashi sama, ba ya ɗaga komai, kuma rabonsa da littafin kansa tun kafin a haife ni. Wani dattijo ne mai hula da ƙararrawar hannu. In ya kaɗa ta, mugu sai ya sandare na ɗan lokaci, sauran jarumai su iso su yi dukan, su kuma ɗauki godiyar. Mista Pruitt ya haɗu da shi tun yana yaro, a wani littafi da ya tsinta a ɗakin jiran likitan haƙori. Kamfanin kuwa ya gano amfanin mutumin. Duk haɗakar da aka yi, in ana so mai karatu ya yarda cewa wannan karon ba wasa, sai a kashe Mai Ƙararrawa. An kashe shi sau huɗu. An jefa shi cikin rana, an mai da shi dutse an farfasa, sau ɗaya kuma gini ne kawai ya faɗo masa. Bayan shekara biyu ko uku sai ka gan shi a bayan wani hoto yana tsaye, ba bayani, ana kiwonsa don haɗaka ta gaba.

A shafin ƙarshe na kashi na sha ɗaya an nuna shi daga baya, shi kaɗai, ya ɗaga ƙararrawa yana tafiya zuwa wata babbar ƙofa inda duniyoyin bakwai ke karo da juna. A ƙasa an rubuta: za a kammala.

Da na karanta masa wannan, Mista Pruitt ya ajiye gilashinsa ya gaya min abu biyu. 'Yarsa Lorraine za ta zo ta tafi da shi Tucson ya zauna a wurinta, Asabar ɗin da ke bayan fitowar kashin ƙarshe. Likita kuma ya ce kafin bazara hotunan ma za su tafi.

"Wannan ce haɗakata ta ƙarshe, Farfesa," ya ce. "Ina so in ga yadda za su yi da shi."

Larabar da ake jira na iso na tarar da shagon shiru. Mutum shida a teburin baya, kowa da abu iri ɗaya a gabansa: leda mai launin azurfa, a liƙe ta ko'ina, ba a ganin komai a ciki. A jikinta an rubuta Kashin Ƙarshe da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙanana, na masu ajiya.

Dokar kowa ya san ta. In littafi ya zo a liƙe, biyu ake saya, ɗaya na karatu, ɗaya na ajiya. Na ajiya ba a buɗe shi, don ranar da ka yaga leda ya zama takarda kawai.

"Ina na karatun?" na tambayi Lenny.

"Ba su zo ba. Na nemi kwali huɗu, an kawo min ɗaya da ban-haƙuri. Kowane mai akwati guda ɗaya."

"Yaushe za a sake bugawa?"

"Bayan Kirsimeti. Sun ce."

"To shi ke nan, na hannun kowa ya zama na karatu."

Duk suka juyo suka dube ni.

"In guda ɗaya ne," in ji Duane a hankali, kamar mai koya wa yaro ƙidaya, "to na ajiya ne. Na karatu shi ne na biyun. Kina da digiri fa."

Na ja kujera na zauna ina kallon manyan mutane. Wani ya ɗaga tasa ledar zuwa ƙwan fitila ya runtse ido ɗaya. Wani yana shafa tasa da ɗan yatsa, wai yana jin tudun zanen bango. Duane ya sa Lenny ya ɗauko ma'aunin da yake auna saƙon gidan waya, aka ɗora ledar, aka ɗora kashi na sha ɗaya, aka ga na ledar ya fi nauyi kaɗan.

"Jana'iza ce," in ji Duane. "Jana'iza tana cin shafi."

"Ko biki."

"Wa zai yi aure ana yaƙin duniya bakwai?"

"A haɗakar bara an yi."

"Amaryar bara ai ba mutum ba ce, mutum-mutumi ce aka musanya."

Suka koma musun bara. Na bar su har sai da Lenny ya sake cika tukunyar kofi, sannan na miƙe.

"Tun farkon shekara kuke bin abin nan," na ce. "Kun sayi na tsakiya, kun sayi na gefe, kun sayi wanda kare ne kawai a ciki. Yau ƙarshen yana gabanku, kun biya, yana hannunku, kuna auna shi a sikeli kamar nama. Kamfanin ya daina ma wahalar rubuta muku ƙarshe mai kyau, tunda ya gane ba za ku karanta ba. Gobe farar takarda zai zuba a ciki, ku ɗaga wa fitila ku ce jana'iza ce."

"Farar takarda," in ji Duane yana tunani. "Kuskuren bugu ke nan. Irin wannan ya fi tsada."

Na juya wajen Mista Pruitt. Tasa ledar tana kan gwiwarsa, ya dafa ta da hannu biyu, gilashinsa na aljihun gaba.

"Mista Pruitt, kawo in karanta maka."

"Guda ɗaya ce, yarinya."

"To ai ba sai an buɗe ba, in gaya maka abin da ke ciki. Zai isa ƙofar, ya kaɗa ƙararrawa, ƙofar ta rufe a kansa. Babban jaruminsu Kwamanda Tagulla zai durƙusa ya ɗauki ƙararrawar a ƙasa, ya ce ba za mu taɓa mantawa da kai ba. Shafi biyu gaba sun manta. Shafin ƙarshe kuma talla ce."

Ya sa ledar tsakanin kwali biyu yadda ake yi, ya zura a jakarsa.

"Wataƙila," ya ce. "Yanzu dai yana tafiya. Bai kai ƙofar ba."

Ya fita bai ƙarasa kofinsa ba.

"Kin kyauta, Farfesa," in ji Lenny.

"Gaskiya na faɗa."

"Ban ce ƙarya kika yi ba."

Washegari na yi amfani da wayar wurin aikina, wani shagon kwafin takardu da mai shi ba ya zuwa sai yamma. Na ƙudura zan nemo buɗaɗɗe ko a ina yake, in kai wa Mista Pruitt kafin Asabar. Na kira shaguna a Detroit, da Cleveland, da Fort Wayne. Ko'ina ya ƙare. Na ce ba saya zan yi ba, wanda ya karanta nake nema.

"Ai bala'i ne," in ji wani mai shago a Cleveland. "Mafi munin ƙarshen da suka taɓa yi. Duk sun mutu."

"Ka karanta?"

"Ni? A liƙe yake. Ƙanin matata ne ya ji."

Na Detroit ya ce ashe duk mafarki ne Kwamanda Tagulla yake yi, kuma mutane sun fusata ƙwarai. Shi ma nasa a liƙe yake. Na Fort Wayne ya ce ba ya tattauna abin da ke cikin leda da wanda bai sani ba. Jiha uku na zaga, kowa ƙarshen ya ɓata masa rai, ban sami mutum ɗaya da ya gan shi ba.

Ranar Juma'a da rana Lenny ya yi wa Mista Pruitt liyafar sallama a teburin baya. Akwai kek, akwai tsiran alade da kabeji da mahaifiyar Lenny ta aiko a tukunya. Lorraine ta zo da shi. Mace ce mai gajeren gashi da babbar jaka, ma'aikaciyar jinya, ta tuƙo mota tun daga Arizona, kuma ta yini tana kwashe gidan mahaifinta. Ta zauna a bakin kujera tana kallon bangon shagon kamar mai jiran a kira lambarta.

Mista Pruitt ya zo da ledarsa. Ya ciro ta daga kwalin ya ajiye kusa da farantinsa, nesa da kek.

Na bari kowa ya ci, sannan na ce, "Mutumin nan gobe zai tafi. Ku biyar kuna da ita, ga ta shago. Wani ya buɗe tasa a karanta masa."

Wani ya ce tasa tana gida. Wani ya ce ya riga ya yi wa ɗan ƙanwarsa alkawari. Na dubi Lenny, ya nuna min akwatin gilashi da haɓarsa, inda tasa take kwance a kan jan ƙyalle.

"Ta shago ce," ya ce.

"Kai ne shagon."

"Shi ya sa na sani."

Duane ya gyara murya. "Akwai hanya. A samu reza a bi ta wajen liƙin baya, a zaro a hankali da safar hannu, a karanta, a mayar, a bi da dutsen guga. Wani a Dayton yana yi."

"To kawo taka."

"Ai ta Orville nake nufi."

"Ba a shagona ba," in ji Lenny. "Abin da aka buɗe an buɗe."

Lorraine ta ajiye cokalinta. "Tsaya in gane. Littafin da kuke ta magana a kai yana nan a kan tebur?"

"Yana nan," na ce.

"Kuma na Baba ne? Ya biya?"

"Ya biya."

Ta juya wajensa. "Baba, na shiga ɗakin ƙasa yau. Kwalaye har rufi, rabinsu irin wannan ne, ba ka buɗe ko ɗaya ba. Biyu kawai motata za ta ɗauka. Wa kake ajiye wa?"

"Ke."

"Ba na so."

"Yanzu ne ba kya so."

"Shekarata arba'in da uku, Baba. Da zan so, da na fara."

Wani ya ƙara wa kansa kabeji don ya sami abin yi. Mista Pruitt yana juya ledar a kan tebur da ɗan yatsa, a hankali, har rubutun ya fuskanto shi.

"Farfesa."

"Na'am."

"Kin ce kashe shi za su yi."

"Na ce."

"Kin tabbata?"

"Sau huɗu sun yi."

Ya gyaɗa kai. "To in kashe shi za su yi, gara ina wurin. Sauran huɗun duk ina wurin."

Ya kama ledar ta sama ya ja. Ba ta yage ba. Ya sake ja, ta miƙe kamar cingam ta koma. Ba a yi ta don a buɗe ba.

"Lenny, ara min wuƙar kwalinka."

"Ba da wuƙata ba, Orville. Ka yafe ni."

Aka gwada wuƙar roba ta kek, ta lanƙwashe. Lorraine ta buɗe jakarta ta ciro ɗan almakashin yankan bandeji, ta miƙa hannu. Mista Pruitt ya ce a'a, shi zai yi. Ta sa masa almakashin a hannu, ta saita masa bakin ledar.

Duane ya cire hularsa. "Ka dai yanka a miƙe," ya ce.

Ya yanka a karkace. Littafin ya zamo kan tebur, tare da wani kati mai ƙyalli da takardar tallar kayan wasa. Mista Pruitt ya turo min shi, ya ciro gilashinsa, ya ja kujerarsa kusa da tawa yadda muka saba. Sauran suka ce su ba sa son a ɓata musu labari, sannan suka jawo kujerunsu. Duane ya toshe kunne ɗaya.

Na fara. A shafin farko ƙofar ta riga ta rufe. Ba a nuna yadda aka yi ba, wani jarumi ne kawai ya ce, yanzu da ƙofar ta rufe, saura babban mugun, Magajin Duhu. Daga nan sai duka. Kwamanda Tagulla ya naushi Magajin Duhu ya ratsa farin wata, Magajin Duhu ya naushi Kwamanda Tagulla ya ratsa wata duniya. Na karanta duk ƙarar naushin kamar yadda aka rubuta. Can wajen ƙarshe dukan bai yi ba, sai jaruman suka riƙe hannun juna suka tuna da ƙauna, wani farin haske ya cika shafi biyu ba rubutu. Da hasken ya wuce, duniyoyi bakwai sun koma inda suke. Wanda ya mutu a kashi na uku ya farka yana tambayar ƙarfe nawa. Mai kunnen nan kunnensa ya dawo. Wata jaruma ta fito da sabuwar riga. Aka yi babban hoton taro a dandalin birni, kowa da kowa yana murna. A shafin ƙarshe duhu ne, da wani ido ɗaya da ya buɗe, an rubuta a ƙasa cewa wannan somin taɓi ne, a tari Faɗuwar Rana Tara a bazara.

Na rufe littafin. Sannan na sake buɗewa na bi shafi-shafi da sauri, daga farko.

"Ba ya ciki," na ce.

"Wa?" in ji Lorraine.

"Mai Ƙararrawa. Ba gawa, ba ƙararrawa a ƙasa, ba wanda ya durƙusa. Ko sunansa ba a kira ba."

"Na ce muku mafarki ne," in ji wani.

"Ba mafarki ba ne, sakaci ne," na ce. Na ji muryata tana tashi, na bar ta. "Sun tura dattijo ƙofa shi kaɗai, sun sa mutane jira wata guda, sun liƙe a leda, sannan sun manta sun tura shi. Marubuci, mai zane, edita, ba wanda ya waiwaya. Da kisan ne ma ka ce sun san da shi."

"Ba ni hoton taron nan," in ji Mista Pruitt.

Na buɗe masa. Ya sunkuya da gilashinsa har hancinsa yana kusan taɓa takarda. Ya fara daga kusurwar hagu ta sama, yana bin kawuna ɗaya bayan ɗaya, layi-layi, kamar yadda a da yake duba fasinjoji a madubin bas. Hoton yana da mutane fiye da ɗari, na baya ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Lorraine ta duba agogonta, sannan ta daina dubawa. Lenny ya kashe rediyo.

Ya tsaya can baya, gefen dama, bayan wata tuta, tsakanin kan wani mai fukafuki da sandar fitila.

"Ga shi."

Aka karɓi gilashin ana miƙa wa juna.

"Kofi ne a hannunsa," in ji Duane. "Ɗan kallo ne."

"Tawada ce ta ɗiga," in ji Lenny.

"Farfesa, ke me kika gani? Kar ki yi min kara."

Na duba da kyau. Wani ɗan mutum ne, layi huɗu ko biyar na alƙalami, yana kallon wani wajen ba inda kowa ke kallo ba.

"Mutum ne da hula," na ce. "Yana riƙe da wani abu. Abin ban san mene ne ba."

"Hular dai ita ce?"

"Tana kama."

Ya jingina da kujera, ya mai da gilashin aljihu.

"Mista Pruitt, ko da shi ne, mai zanen ne kawai ya cike gurbi. Ba su yi masa ƙarshe ba. Mantawa suka yi da shi."

"Sun manta," ya ce. "Shekara hamsin ban ga sun yi masa abin kirki kamar wannan ba. Duk ranar da suka tuna da shi, kashe shi suke yi."

Ya jawo farantinsa ya nemi a ƙara masa kek, wajen da ke da fure.

Daga nan teburin ya koma yadda na san shi. Kowa ya yarda cewa wannan ne ƙarshe mafi muni da aka taɓa yi, ya fi na bara muni, kuma cin mutunci ne. Duane ya ce riƙe hannu ba dabarar yaƙi ba ce, sannan ya ce Allah ya taimake shi bai buɗe tasa ba. Wani ya ce shi daga yau ya gama da kamfanin Tolliver. Lenny ya bari suka huce, ya tattara farantan, ya koma bayan kanta.

"Faɗuwar Rana Tara," ya ce. "Wa zan sa wa?"

"Kashin farko kawai," in ji wanda ya gama da kamfanin. "In ga idon na wane ne."

Ɗaya bayan ɗaya suka ɗaga hannu, ba wanda ya kalli inda nake. Ban canja ra'ayi ba, kuma na gaya musu haka, da ɗan tsawo. Suka saurara suna ɗaure takalmi da neman makullan mota.

Mista Pruitt ya miƙe, Lorraine ta riƙe masa kwat ya zura hannu.

"Lenny, kar ka rufe akwatina. Ka mai da shi hannun Farfesa."

"Ni na daina saye," na ce.

"Ba ke za ki saya ba, ni ne. Ke ki kira ni ranar Laraba ki karanta. Lorraine tana da waya a kicin."

"Tana da doguwar igiya," in ji Lorraine.

"Za su tuna da shi, Mista Pruitt. Rana tara ce za ta faɗi. Sai sun nemi wanda za ta faɗo wa."

"Na sani," ya ce. "Sai ki gaya min. Da muryar nan taki."

Lenny ya ɗauko akwatin ya juya shi, ya ciro alƙalami. "Guda nawa? Biyu?"

"Ɗaya," na ce. "In ya zo a leda, a nan kan kanta zan yanke ta, a gaban Duane."

Lorraine ta dube ni, ta dubi almakashin da ke kan tebur, ta turo min shi da ɗan yatsa.

Mista Pruitt ya yi musabaha da kowa. Da ya zo kan littafinsa, Lenny ya miƙo masa sabuwar leda da kwali don a ceci abin da ya saura. Bai karɓa ba. Ya ɗauki kashin ƙarshe na Yaƙin Duniyoyi Bakwai ya naɗe shi kamar jaridar safe, ya cusa a aljihun kwat, rabinsa a waje. Duane ya yi wani ɗan nishi ya kau da kai. Lorraine ta buɗe ƙofa, ta ce masa akwai matakala biyu, ya ce ya san da su.